Hon ɗin da ya dishe: nazarin matsalar wata tsohuwar Peugeot 504 a ƙasar Gumel

Asalin motar da aikinta

Motar da wannan nazari ya shafa Peugeot 504 ce doguwa, irin wadda ake kira wagon, mallakar wani dattijo ɗan kasuwar hatsi a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel, a Jihar Jigawa. Samfurin 504 ya fara fitowa a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna kuma, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa shi har cikin shekarun 2000, shi ya sa babu tashar da za ka je a Arewa ka rasa wanda ya san cikin fijo. Takardun wannan motar sun nuna 1984. Ɗan ƙanin mai motar ne ke tuƙa ta, kuma aikinta sananne ne: ranar Alhamis kasuwar Maigatari, ranar Lahadi Gujungu, sauran kwanaki kuwa ɗaukar buhuna, ko kai mara lafiya asibiti, ko kai amarya.

Kafin motar ta hau kwalta sai ta ratsa hanyar yashi mai kwane-kwane, wadda da damina gero da dawa ke rufe gefenta har direba ba ya hango abin da ke bayan kwana. Shanu, amalanke, babura da yara masu kiwo duk wannan hanyar suke bi. A irin wannan wuri hon, wanda dattawa ke kira oda, kusan daidai yake da birki wajen amfani. Ban da haka, mutanen ƙauyukan da ke kan hanya sun san muryar hon ɗin motar, da ita suke gane lokacin fito da kaya bayan sallar asuba.

Wutar motar bolt 12 ce. Tana fitowa daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta fis, wanda ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, ta isa madannin hon, wanda a wannan motar yake jikin sandar da ke gefen sitiyari, sannan ta gangara gaba zuwa hon ɗin da ke ɗaure kusa da lagireto. Babu wata waya da ke mayar da wutar zuwa batir. Ƙarfen jikin motar ne hanyar komawa, tsohon hon ɗin kuma ta ƙarfen da aka ɗaure shi a kai yake ganawa da jikin. Na san motar tun ina yaro. Abin da ya faru kafin Disamba daga bakin direban na ji shi, awon da aka yi a Disamba kuwa ina tsaye aka yi shi.

Afrilu zuwa Mayu: gyaran gaban mota

A ƙarshen Afrilu motar ta bugi kututturen bishiya da ke bakin hanya. Ba wanda ya ji rauni, amma ƙarfen gaba ya lanƙwashe, fitila guda ta fashe. Mai bugun mota ya kwance gaban gaba ɗaya, ya miƙe shi, aka shafe shi, aka fesa fenti ciki da waje, aka mayar da komai. Motar ta dawo a tsakiyar Mayu tana sheƙi, hon ɗinta kuma yana kuka kamar yadda ya saba.

Yuli: farkon dishewa

Bayan ruwa ya zauna, wajen mako na uku na Yuli, direban ya lura muryar hon ɗin ta fara dishewa. Idan injin yana silo sai ya yi gurnani kawai, idan aka taka totur sai muryar ta ɗan buɗe. Da dare, in fitilu suna kunne, abin ya fi muni. Akwai kuma wani abu da ya gani amma bai ɗauke shi da muhimmanci ba: in ya danna hon da dare, ƙananan fitilun gaba sukan dushe, su dawo in ya saki. Bai faɗa wa kowa wannan ba sai bayan wata biyar, ranar da aka tambaye shi.

Agusta: juya kusar hon

Bakaniken ƙauyen, wanda ya fi shekara goma yana kula da injin motar, shi aka fara kai wa. Ya ƙwanƙwasa hon ɗin da ƙotar sukudireba, ya yi kuka, sai ya ce ciki ne ya cije. A bayan irin wannan hon akwai 'yar kusa ta daidaita murya. Cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, ya jawo wani faifan ƙarfe, jawowar ta raba wasu bakuna biyu da wutar ke bi, wutar ta yanke, faifan ya koma, bakunan su sake haɗuwa. Wannan kai da komo, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, shi ne ƙarar da kunne ke ji. Kusar tana ƙara ko rage matsin da ke tsakanin bakunan nan. Bakaniken ya sassauta ta har hon ɗin ya iya motsi da 'yar wutar da ke isa gare shi. Muryar ta dawo, siririya ba kamar da ba, ta yi kwana tara, ta sake dishewa.

A cikin wannan watan aka ari batir daga wata motar aka gwada, babu bambancin da aka ji.

Satumba: sabon hon

Da yake juya kusa bai ɗore ba, aka yanke cewa hon ɗin ya tsufa. Wani ɗan uwa da ya shiga Kano ya sayo sababbi guda biyu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ɗaya mai kaurin murya, ɗaya mai siririya, irin waɗanda ake haɗawa su yi kuka tare. Kowanne yana da baki biyu na waya. Bakaniken ya haɗa baki ɗaya da tsohuwar wayar da ke zuwa daga madanni, ɗaya bakin kuma ya ɗaure shi da guntuwar waya a kan notin da ke riƙe hon ɗin, wato a kan ƙarfen gaban da aka yi wa fenti. Ya gwada wayar da ɗan ƙaramin ƙwan gwaji, ƙwan ya kama, ya ce wuta tana zuwa. Tsohon hon aka jefa shi bayan mota.

Sababbin sun yi mako uku suna aiki, ko da yake ba su taɓa kai ƙarar da aka ji a shagon da aka saye su ba. Daga nan suka fara irin ta na farko, sannan wani sabon abu ya ɓullo: fis ya fara ƙonewa. A cikin kwana goma an canja fis mai amfiya 10 sau huɗu (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke ratsa waya).

Oktoba: waya a gurbin fis

Ranar wata Alhamis, a tashar Maigatari, fis ya sake ƙonewa, babu wani a hannu. Wani yaron gareji ya zare silin jan ƙarfe daga wata waya, ya naɗe a jikin ƙonannen fis ɗin, ya mayar. Hon ya yi kuka, aka kama hanya. Haka motar ta yi ta tafiya kusan mako biyu.

A Alhamis ta uku, da yamma, ana dawowa, garken shanu ya tare hanya, direban ya danna hon ya riƙe. Hon ɗin gurnani kawai yake yi, shi kuma yana ƙara dannawa. Sai warin roba ya cika motar, sandar da ke gefen sitiyari ta yi zafi har ya janye hannunsa. Ya kashe mota, aka cire kan batir. Wuta ba ta tashi ba, amma daga ranar madannin bai sake aiki ba. Sauran watan yaron mota ne ke leƙo da kai yana ihu a kowace kwana, direban yana bugun ƙofa da tafin hannu. A cikin wannan hali, wata magariba, saura ƙiris su haɗu da amalanken da ke ɗauke da dammunan gero, sai da direban ya faɗa cikin gona. Mai motar ya ce a ajiye ta.

Nuwamba: madanni na dabam

Kaka ta yi, kaya sun taru, ajiye mota asara ce. Aka samu wani mai gyaran babura ya jawo waya kai tsaye daga batir zuwa wani madanni da ya ɗaure a gaban direba, daga nan zuwa hon, ya bar tsohuwar hanyar gaba ɗaya. Wayar siririya ce irin ta lasifika, kuma bai sa fis ba. Hon ɗin ya yi kuka, amma a dishe. Yanzu an canja hon, an gwada wani batir, an canja waya, an canja madanni, muryar tana nan yadda take tun Yuli.

Disamba: awo

A mako na biyu na Disamba aka kai motar wurin wani mai wayarin a cikin Gumel. Kafin ya buɗe bonet sai ya tambayi mai motar: "Baba Alhaji, kafin hon ɗin nan ya fara, wane aiki aka yi wa motar?" Dattijon ya ce babu, sai gyaran gaba da aka yi tun kafin damina, wanda kuma bai shafi wuta ba. Ya juya ga direban ya tambaye shi ko akwai abin da ke faruwa da fitilu in ya danna hon. A nan maganar dushewar ƙananan fitilu ta fito.

Gwajinsa na farko ba ya buƙatar mita. Ya kwance sababbin hon, ya haɗa kowanne da batir kai tsaye da wayoyi biyu masu kauri, kowanne ya yi ƙarar da ta sa na kusa suka toshe kunne. Ya sa aka lalubo tsohon a bayan mota, ya karkaɗe ƙurarsa, ya mayar da kusar inda take, ya gwada shi haka nan. Ya yi kuka da muryarsa ta da. Mai motar bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon hon ɗin.

Sannan ya ɗauko mita. Batir, mota a kashe, ya nuna bolt 12.5. Da aka tayar da inji ya nuna 14.1, wanda ke cikin iyakar da ake so ga mai cajin batir. Ya mayar da hon biyun inda suke, ya zare wayar da ke kawo musu wuta, ya sa aka danna madanni, ya auna bakinta: bolt 12.4. Direban ya ce ai wannan shi ne abin da kowa ke faɗa, wuta tana zuwa. Mai wayarin ya ba shi misali da tiyon ban-ruwa da ya lanƙwashe a tsakiya: in ka toshe bakinsa zai cika tam, ka taɓa ka ji ƙarfi, amma da ka buɗe sai ruwa ya riƙa ɗiga. Mita da ɗan ƙwan gwaji kusan ba sa jan komai, don haka ko ta silin waya guda da ya rage za su nuna wuta cikakkiya. Hon biyun nan kuwa suna neman kimanin amfiya 9.

Ya mayar da wayar, ya sake awon a daidai lokacin da ake danna hon, mota a kashe. Batir ya sauka zuwa 12.2. Tsakanin bakunan hon biyu, wato abin da hon ɗin ke samu da gaske, 7.9 ne kawai. Ya bi sawun sauran. Daga kan batir mai alamar tarawa zuwa bakin hon, bolt 1.6 na ɓata a siririyar wayar Nuwamba da madanninta. Daga notin da hon ke ganawa da jiki zuwa kan batir mai alamar ragewa, bolt 2.7 ne ke ɓata. A hanya mai lafiya, asarar ɓangaren kawowa ba ta wuce rabin bolt, ta ɓangaren komawa kuma ba ta wuce kashi biyu cikin goma na bolt. Don tabbatarwa ya ɗauki waya mai kauri ya haɗa notin da kan batir kai tsaye, aka danna, muryar ta buɗe nan take, ƙananan fitilun kuma ba su dushe ba.

Da aka kwance notin, ƙarƙashinsa fenti ne, ƙarƙashin fentin abin shafe ne, gefen ramin kuma tsatsa ta ci. Ƙarfen gaban kansa an ɗaure shi da sauran jikin motar a kan fenti. A kusurwar hagu akwai rami da alamar inda wata guntuwar waya take a da, mai haɗa ƙarfen gaba da jikin ciki, amma ba a mayar da ita ba bayan bugun Afrilu. Hon da ƙananan fitilu duk ta wannan ƙarfen suke komawa, shi ya sa in ɗaya ya ja wuta ɗayan ke dushewa.

Ya koma kan tsohuwar hanyar. Ya yi amfani da ƙwan fitila mai wat 21, wanda ke jan abin da ya kusa amfiya 2, maimakon ɗan ƙwan gwaji, ya bi wayar gaɓa-gaɓa. A bayan lagireto ya sami inda aka taɓa yanke ta aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin salatif. Ruwa ya shiga, jan ƙarfen ya koma kore, silin da suka rage ba su wuce kaɗan ba. Madannin sitiyari kuma bakunansa sun ƙone sun yi baƙi, robar gefensu ta narke kaɗan.

Gyaran

Aikin ya ci wuni guda. An goge wurin zaman hon da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, aka sa washa mai haƙora, aka ɗaure, aka shafa giris a sama don hana tsatsa. An yi sabuwar guntuwar waya mai kauri tsakanin ƙarfen gaba da jikin ciki. Murɗaɗɗen wurin da ya yi kore an yanke shi, aka haɗa da dalma, aka rufe. Wayar Nuwamba da madanninta an cire su gaba ɗaya, fis ɗin da aka naɗe da sili aka jefar, aka sa na gaskiya.

Madannin sitiyari ne ya ja shawara. Samun irinsa mai kyau sai an je Kano, kuma sai an dace. Mai wayarin ya kankare bakunan ya ce za su iya ɗaukar wuta kaɗan, amma ba wutar hon ba. Saboda haka ya sa rile mai ƙafa huɗu, wata 'yar na'ura da ƙaramar wuta ke sa ta buɗe wa babbar wuta hanya. Ƙafa mai lamba 30 ya haɗa ta da batir da waya mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, da fis mai amfiya 15 a tazarar da ba ta wuce taƙi guda daga kan batir ba. Lamba 87 ta tafi hon. Tsohuwar wayar madanni ta shiga lamba 86, lamba 85 kuma aka ɗaure ta a jiki, a wurin da aka goge. Da wannan tsari abin da ke ratsa madannin bai kai kashi biyu cikin goma na amfiya ba, babbar wutar tana bin gajeriyar hanya daga batir. Ya ɗaure rilen ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Awon bayan gyara, mota a kashe, ana danna hon biyun: batir 12.3, asarar kawowa 0.3, asarar komawa 0.1, abin da hon ke samu 11.9.

Direban ya so a bar sababbin. Mai motar ya ce a mayar masa da tsohon, domin shi mutanen hanya suka sani. Aka mayar da shi, sababbin aka naɗe su a buhu aka ajiye.

Abin da ya biyo baya

Motar ta yi hunturu da bazara tana aiki. A Maris hon ya ɗauke sau ɗaya a hanyar Gujungu. Direban ya danna ya ji ƙas-ƙas ɗin rile, ya gane cewa madanni da wayarsa lafiya suke, matsalar tana gaba. Ya buɗe bonet ya tarar da bakin wayar hon ya zame saboda girgizar hanya, ya matse shi da filaya ya mayar. Damina ta biyu ta zo ta wuce, muryar ba ta canja ba, fis bai ƙone ba.

Hukunci

Tushen matsalar gyaran Afrilu ne: fenti a ƙarƙashin noti da guntuwar wayar da ba a mayar ba. Abin da ya ɓoye shi shi ne tazarar wata biyu. Sabon ɗauri yana ratsa fenti ya taɓa ƙarfe ta 'yan wurare, wannan ya wadatar da rani, sai da danshin damina ya shiga tsatsa ta cinye waɗannan wuraren. Irin wannan ne ya sa sababbin hon suka yi mako uku, domin kwancewa da ɗaurewa sun sake kankare wurin. Murɗaɗɗen haɗin bayan lagireto ya ƙara nasa, ko da yake ya girmi hatsarin.

Ƙonewar fis ma tana da dalili. Hon da wuta ba ta ishe shi ya motsa faifansa ba, bakunan cikinsa suna zama a haɗe, sai ya riƙa jan wuta ba yankewa, fiye da abin da yake ja in yana kuka sosai. Hon biyu a wannan hali, a kan hanyar da aka tsara wa guda ɗaya, sun fi ƙarfin fis mai amfiya 10. Fis ɗin aikinsa yake yi. Silin da aka naɗa masa ya mayar da zafin kan madannin sitiyari, kuma a ganina wannan da wayar Nuwamba mara fis su ne kurakurai biyu mafi haɗari a duk lamarin, domin kowannensu zai iya ƙone motar da mutane da buhuna a cikinta.

Ban ga laifin bakaniken ƙauyen ba wajen fara juya kusa, domin hon mai shekaru yakan buƙaci haka. Inda ya kuskure shi ne amincewa da ɗan ƙwan gwaji, da sayen sabo ba tare da ya ɗora tsohon a kan batir ba, gwajin da bai kai minti biyar ba, wanda da an yi shi a Agusta da ba a je Ƙofar Ruwa ba. Gyaran Nuwamba, duk da haɗarinsa, ya bar shaida ƙarara: an sabunta komai a ɓangaren kawo wuta muryar ba ta canja ba, abin da ya rage kawai hanyar komawa ce, amma ba wanda ya dubi jikin motar a matsayin waya. Abin da ya sa gyaran Disamba ya ɗore shi ne an tambayi tarihin motar, an auna wuta lokacin da hon ke jan ta, kuma an auna ɓangarorin biyu. Rilen ba shi ya dawo da muryar ba, goge ƙarfe da guntuwar waya ne suka dawo da ita. Amfaninsa shi ne ya sa ƙonannen madannin ya ci gaba da aiki, kuma shi ne har yanzu a jikin sitiyarin.